Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi: ta da tsohon injin jirgin ruwa bayan doguwar ajiya

Abuja ba a bakin kogi take ba, amma injinan jirgin ruwa da ke kwance a garejojinta sun fi yadda ake zato. Wani ya sayo don shan iska a Tafkin Jabi, ya hau sau uku ya jingine. Wani masunci ne ya taho da nasa daga Yawuri ko Lokoja, sana'a ta sauya, inji ya zauna bayan ƙofa. Duk wanda ya ci karo da irin wannan inji, abin da hannunsa ke fara yi ɗaya ne: ya kama igiya ya fizga, ya ji ko da sauran rai. A nan ake yin ɓarnar.

Injin da ya ƙi tashi bai yi asarar komai ba, gobe ma rana ce. Wanda ya tashi alhali silindarsa a bushe, famfon ruwansa a mace, man giyarsa ya zama kunu, shi ne cikin minti biyu zai koma kayan 'yan jari-bola. Saboda haka igiya ita ce aikin ƙarshe, kuma kafin a kai gare ta akwai aikin yini guda, wani lokaci biyu.

Fara da sanin wanda kake hulɗa da shi. A jikin maƙalin da ke kama bayan jirgi akwai ɗan farantin ƙarfe mai ɗauke da samfuri da lambar injin. Ɗauki hotonsa da waya, don da shi za ka nemi kaya, ba da baki ba. Mafi yawan abin da ke hannun mutanenmu Yamaha Enduro ne, mai ƙarfin doki 15, 25 ko 40, kuma kayansa ba su da wuyar samu a garuruwan bakin ruwa. Johnson da Evinrude sai an sha wuya: kamfanin da ke ƙera su ya durƙushe a shekarar 2000, wanda ya saye sunan kuma ya daina ƙera Evinrude a 2020. British Seagull na Ingila tun 1996 aka daina yin sa. Galibin tsofaffinsu irin injin nan ne da ake haɗa wa fetur da mai a tanki ɗaya, kamar ƙaramin janareto, kuma shekarar injin ce ke faɗa maka yawan man. Johnson da Evinrude na kafin 1964 suna shan kashi 1 na mai cikin 24 na fetur, wato kusan mililita 42 a kowace lita. Daga 1964 zuwa sama kashi 1 cikin 50 ne, mililita 20 a lita, haka ma Enduro. Tsohon Seagull kuwa mashayi ne na gaske, 1 cikin 10, na bayan 1978 kuma 1 cikin 25. Wanda ya zuba wa injin 1958 haɗin 1 cikin 50 don haka ya ga masunta na yi, boris ɗin injin ne za su biya kuɗin.

Cire murfin, ka tsaya ka duba kafin ka taɓa komai. Ɓera yana son wannan ɗaki, yana kuma son cin rigar waya. Ƙurar hunturu ta shekaru ta kwanta a bakin kafireta, kuma galibin waɗannan injina ba su da matatar iska, don an yi su ne domin kan ruwa inda babu ƙura, saboda haka abin da ke wurin kai tsaye zai wuce ciki. Share shi da burushi da tsumma mai ɗan kananzir. Sai babban maƙiyi, zanzaro. Duk wani rami mai faɗin tsinken ashana ko fensir, gida ne a wurinsa: ramin da ruwa ke tsartuwa ta baya, ƙofofin shan ruwa da ke ƙafar injin, wato sashensa na ƙasa mai shiga ruwa, har bakin tiyon mai idan an bar shi a buɗe. Laka ce yake cusawa, ta bushe kamar siminti. Bi kowane rami da igiyar kamun kifi mai kauri ko lallausar waya, ka sosa har ƙasar ta zubo.

Yanzu kwance fulogi. Idan ya cije, a ɗiga masa man kwance tsatsa a ba shi lokaci, domin zaren da yake ciki na alminiyam ne, in ya tafi ya tafi. Kwantar da injin yadda ramukan fulogi za su kalli sama, zuba cokalin shayi ɗaya na man haɗi a kowace silinda, ka bar shi ya kwana. Washegari, giya na firi, ka kama filawil, faifan ƙarfen nan mai nauyi da ke can sama, ka juya shi da hannu ta yadda hannun agogo ke tafiya. Ya kamata ya zagaya sumul, ba gurnani, ba wurin da yake tsayawa cak. Idan ya ƙi motsi, kada ka ɗora masa dogon sifana ka hau kai. Zobban fistan ne suka manne da tsatsa, ƙarfi kuma karya su zai yi ko ya lanƙwasa sandar fistan. A cika silindar da haɗin man giyar mota mai otomatik da kananzir, rabi da rabi, kullum a ɗan girgiza filawil hagu da dama. Wani kwana uku, wani mako biyu. Kafin ka yanke wa kan injin hukunci ma, ka sauke ƙafarsa ka sake gwadawa, don sau da yawa giyar ƙasa ce ta ci tsatsa ta riƙe komai, saman lafiyarsa lau.

Idan ya juya, auna matsin silinda kafin ka kashe ko sisi a kan kaya. Ma'aunin da makanikan mota ke amfani da shi a unguwar Apo ta Abuja ya isa, aro ma ya wadatar. A ɗaura shi a ramin fulogi, totur a buɗe, a ja igiya sau biyar ko shida. Psi, wato awon matsi da ma'aunin ke nunawa, 90 zuwa 120 lafiya ce ga yawancinsu, tsofaffi ƙanana kuma suna aiki da ƙasa da haka. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne silindu su yi kusa da juna. Guda 110 guda 105, madalla. Guda 110 guda 70, akwai magana: ko gaskit ɗin hedi, ko zobe ya manne, ko bangon silinda ya karce. A wannan hali gara a buɗe hedi a gani da ido tun kafin a sayi imfela, robar famfon ruwa, da fulogi.

Wuta ba ta da dogon bayani. Sabon fulogi mai lamba daidai da wadda littafin injin ya ce, ba wanda mai shago ya ce "ai duk ɗaya ne" ba. Fulogin NGK da lambarsa ta ƙare da 10, tazarar bakinsa milimita 1 ce. Tsofaffin Johnson da Evinrude na Champion J4C ko J6C tazararsu milimita 0.76. A sa fulogin a hularsa, a jingina ƙarfensa da jikin injin, a ja igiya a inuwa. Shuɗiyar wuta mai ƙara "ƙyas" ake nema. Ja-ja mai sanyin jiki tana iya bayyana a fili ta ɓace a cikin silinda, inda matsi yake. Injin da ke da igiyar kashewa, wadda ake ɗaurawa a hannu, ba zai ba da wuta ba sai maƙalinta na wurinsa. Mutane da yawa sun sauke filawil a banza saboda wannan ɗan roba. Idan na zamanin kwantak ne, to a ƙarƙashin filawil suke, kuma ajiya kan sa bakinsu ya yi tsatsa-tsatsa. A goge da lallausan samfefa, a share da farar takarda har ta fito fes, a saita tazara milimita 0.5. Kwayil ɗin injinan shekarun 1950 kusan duk sun tsattsage, wanda ka gani da tsaga canza shi kawai. Filawil da abin zare shi ake cire shi, ba da guduma ba.

Sai mai. Buɗe tanki ka sansana. Tsohon fetur warin fenti yake yi, launinsa kamar shayi, kuma sashensa mai saurin kamawa ya daɗe da bin iska, abin da ya rage danƙo ne. Zubar da shi duka, kada ka ce za ka tsarma shi da sabo. Injin da aka jingine a farkon 2022, lokacin da gurɓataccen fetur mai yawan methanol ya shigo Legas da Abuja, a ɗauka duk wata roba da man ya taɓa ta gama aiki. Tankin ƙarfe mai tsatsa a zuba masa kananzir da 'yan notuna cikin tafin hannu, a jijjiga, a ɗauraye har ruwan ya fito garau. Tiyo idan ka lanƙwasa shi ka ga tsaga ko ya sandare, sabo. Ƙwallon robar da ake matsawa don tura mai yana da kibiya a jikinsa, kan kibiyar ya kalli injin.

Kafireta kuwa ba a wanke ta daga waje. Feshin da ake yi mata a baki tana ɗaure ba ya kaiwa inda ciwon yake. Sauke ta, shimfiɗa farin tsumma a tire, ka ɗauki hoto a kowane mataki. Kafin ka zare sukurun silo, mai saita mai lokacin da injin ke aiki a hankali ba a ba shi wuta ba, murɗa shi ciki a hankali har ya taɓa, kana ƙirga zagaye, ka rubuta. Kada ka ɗaure shi da ƙarfi, bakinsa kamar allura yake, yana lanƙwashewa. In babu abin dogaro, zagaye ɗaya da rabi waje mafari ne mai kyau. Cire kwanon ƙasa: abin da za ka tarar kore ne ko ruwan ƙasa, mai kama hannu kamar ƙaro. Babban jet, ɗan sukuru mai rami da mai ke bi, yana da sauƙi. Ƙaramin, na silo, shi ne mai ba da wahala, don raminsa bai fi gashin doki ba. Jiƙa su, ka bi su da silin waya ɗaya na tagulla da ka zaro daga wayar lantarki, ka hura iska, ka ɗaga su ga rana har ka ga haske zagayayye. Allurar ɗinki ko tsinken ƙarfe faɗaɗa ramin suke yi, daga nan injin ya koma shan mai har abada. Girgiza fulot, abin da ke yawo a kan mai cikin kwanon, a kusa da kunne, in ka ji ruwa a ciki ya huje. Allurar da ke haɗe da shi in bakinta ya yi zobe a canza ta, in ba haka ba mai zai riƙa ambaliya.

Dalilin wannan naci: a irin wannan inji, man da ke shafa fistan da boris ta cikin kafireta yake bi tare da fetur. Injin mai kafireta biyu ko uku zai iya tashi da ɗaya a toshe, sauran su riƙa jan sa, kai kana jin daɗi ya tashi, silinda ɗaya kuwa tana gudu a bushe har ta cinye kanta. Toshewar jet a mota ƙarancin ƙarfi ce kawai, a nan kuwa kisa ce.

Man haɗi a nemi mai alamar TC-W3, wanda aka yi don injin da ruwa ke sanyayawa. Baƙin man mota da ake tsiyaya wa janareto yana barin toka da gawayi a fulogi da zobba. Fetur daga gidan mai, ba na 'yan bumburutu ba. A tankin farko, injin da ke shan 1 cikin 50 na fi son a ba shi 1 cikin 25, mililita 200 a lita 5. Zai yi hayaƙi, maƙwabta za su yi magana, amma kayan cikin da suka shekara ba su ga mai ba suna bukata. A auna da sirinji ko kwalbar magani mai layi, ba da ido ba.

Yanzu wurin da ya fi kowane kashe injina. A cikin ƙafar injin, a saman akwatin giya, akwai famfon ruwa, zuciyarsa kuma wata 'yar roba ce mai fukafukai, imfela. Tana zaune a gidan da bai daidaita da tsakiyarta ba, saboda haka kullum wasu fukafukan a lanƙwashe suke. Idan ta shekara biyu ko uku a haka cikin zafin ɗakin ajiya, sai ta sandare a yadda take. Ranar da aka ta da injin, ko ta juya ba ta ɗebo ruwa, ko fukafukan su kakkarye su bi bututu su toshe hanyoyin ruwa a cikin kan injin. Ba a duba ta a ce "da sauranta". A canza ta, ko da a ido sabuwa ce. Seagull ne kaɗai a cikin waɗannan ba ruwansa da wannan, nasa famfon ba na roba mai lanƙwasa ba ne.

Ƙafar tana ɗaure da kusoshi huɗu zuwa shida, wani injin da guda a ɓoye ƙarƙashin ɗan ƙarfen da ke saman farfela. Kusar ƙarfe a cikin alminiyam bayan shekaru sai lallashi: man kwance tsatsa, ɗan zafi, a murɗa gaba kaɗan baya kaɗan. Wadda ta karye a ciki aikin mako ce. A raba sandar canza giya a mahaɗarta, sannan ƙafar ta sauko. Kwance gidan famfon, zare tsohuwar imfela, ka ƙirga fukafukanta. Idan shida ne ka ga biyar, aikinka bai ƙare ba sai ka nemo na shidan, a bututun ruwa ko wajen tamostat. Kula da ɗan ki ɗin da ke riƙe ta da shaf, ƙanƙane ne kamar jinjirin wata, in ya faɗi a ƙasa sai an yi shara. Farantin da take gogawa da kofin gidan, in farce na kamawa a karcensu, su ma sababbi. Shafa wa sabuwar sabulun ruwa, ka riƙa juya shaf ta hannun agogo kana danna gidan ƙasa, fukafukan za su kwanta da kansu ta inda ya dace. Wajen mayarwa a tabbata bututun ruwa ya shiga robarsa, don yana iya zamewa gefe komai ya ɗauru lafiya amma ruwa ba ya hawa. Giris a gefen haƙoran shaf, ban da ƙoƙon kansa.

Tun ƙafar na hannu, duba man giya. Sukurori biyu ne, na ƙasa da na sama. Buɗe na ƙasa, sannan na sama, ka tara a farin kwano. Baƙi ko ruwan zuma ba laifi. Fari kamar nono, ko ruwa zalla ya fara fitowa, sil ya mutu. Cire farfela ka duba bayanta, galibi za ka tarar da zaren koma ko igiyar ƙugiya ta naɗe ta yanka sil ɗin. A galibinsu man giya mai lamba 90 ake zubawa, daga ramin ƙasa ake tura shi har ya ɓullo ta na sama, a rufe na sama tukuna sannan na ƙasa, kowanne da sabon wosha. Mai doki 15 kimanin rubu'in lita yake ci. Wanda ya ɗura daga sama iska ce za ta yaudare shi, ya ɗauka ya cika.

To, yanzu an kai ga igiya. Durom mai lita 200 da aka yanke kansa, katako mai ƙwari a bakinsa, a ɗaure injin tsaye. Ruwa ya haura faffaɗan farantin da ke saman farfela da kamar faɗin tafin hannu, domin famfon ya nutse. Ba ya tsotso daga nesa, kuma daƙiƙa kaɗan a bushe sun isa su ƙone sabuwar imfelar da ka sha wahala a kanta. A fili za a yi, ba cikin gareji ba. Hayaƙinsa ɗaya ne da na janareton da ke kashe mutane suna barci. Cire farfela ya fi kwanciyar hankali, a kuma kori yara. Sassauta ɗan sukurun iska da ke kan murfin tanki, matsa ƙwallon roba har ya yi tauri, ka duba ko mai na ɗiga a wani wuri. Giya a firi, totur a alamar tashi, cok a jawo. Ja igiya a hankali har ka ji ta kama, sannan ka fizga da tsawon hannu, ka raka ta ta koma. Da ya yi tari, mai da cok.

Da ya kama, kada ka saurari ƙararsa, ruwa za ka kalla. Cikin daƙiƙa 15 a ga tsartuwa, ko a tsofaffin da ba su da wannan rami a ga feshin ruwa na fita tare da hayaƙi a bayan ƙafa. Babu, a kashe nan take. Akwai, a bar shi a silo, ana ɗora hannu a kan hedi lokaci-lokaci: zafin da za ka iya jurewa ka ƙirga biyar daidai ne, wanda ya sa ka fizge hannu ba daidai ba ne. Kada a yi masa wuta a firi don a ji muryarsa, ba kaya a kansa, yana iya ƙwacewa da gudu.

In ya ƙi bayan ja goma, ajiye igiyar ka ciro fulogi. A jiƙe: mai ya yi yawa ko wuta ba ta isa, a busar, a ja ba cok totur a buɗe. A bushe: mai bai iso ba. Tsartar da mililita 2 ko 3 na haɗin a bakin kafireta da sirinji. Ya tashi ya mutu, ka san wuta da matsi lafiya, koma kan kafireta da famfon mai. Feshin gwangwani na ta da inji ba shi da isasshen mai a cikinsa, wanke bangon silinda yake yi, a bar shi. Injin da ba ya zama sai da cok, ƙaramin jet bai fita ba, ko iska na shiga ta sil ɗin karanshaf. Mai atishawa a silo mai ne ya yi masa kaɗan, a sassauta sukurun silo kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, a jira, a ƙara. Wanda ke mutuwa bayan 'yan mintoci amma matsa ƙwallo na farfaɗo da shi, fatar famfon mai ce ta sandare. Wanda sai ya yi zafi wuta ke ɗaukewa, ya huce ta dawo, kwayil ne. Fulogi ɗaya ya fito fes kamar an wanke shi alhali ɗan'uwansa baƙi, ruwa na shiga wannan silinda.

Saitin silo na gaskiya a kan ruwa ake yin sa, giya a ciki, injin da ɗumi, don durom ba ya ba shi nauyin da jirgi ke ba shi. Wanda zai hau da injinsa Jos, ko madatsar ruwan Lamingo ko tafkin Rayfield, ya sani garin ya haura mita 1,200 a sama da teku. Iska ta fi sirantaka, ƙarfin inji kan ragu da kusan kashi 3 cikin 100 a kowace mita 300, fetur kuma ya yi wa iskar yawa, saboda haka ɗan rauni da ƙarin hayaƙi a can ba cuta ba ne, saiti ne. Fitar farko a Jabi kusa da gaɓa za a yi ta, da rigar hana nutsewa a jiki, da filafili, da fulogi na ajiya da sifanansa, da ƙarin fil ɗin farfela in injin mai fil ne. Rabin totur na minti 20, ana leƙa tsartuwa, kafin a buɗe masa. An dawo, a ɗan sassauta sukurun giya na ƙasa a ga launin ɗigon farko.

Idan kuma zai sake komawa bayan ƙofa, a ɗauraye shi da ruwa mai tsabta, a cire tiyon mai yana aiki har ya shanye abin da ke kafireta ya mutu da kansa, a ɗiga mai a silindu a juya filawil, a ajiye shi tsaye don ruwa ya tsiyaye. A liƙe ramin tsartuwa da ƙofofin ruwa da salatif saboda zanzaro, sannan a ɗaura takarda a hannun totur mai ɗauke da ranar da aka sa imfela, da yawan man haɗi, da gargaɗi da manyan baƙaƙe cewa ramukan ruwa a liƙe suke.